Abin da Masu Tara Tsofaffin Sulalla Suke Gadi a Shafukan Gwanjo

A cikin tsohon gwangwanin da kakata take zuba allurai da maɓallai akwai wani kwabo mai huji da na taso na tarar. Farin ƙarfe ne da ya dushe, bakinsa ya yi sulɓi saboda yawan shiga hannu. A fuska ɗaya tauraro mai tsini shida ya kewaye hujin, ga shekarar 1936 a ƙasansa. A ɗaya fuskar akwai hular sarauta, da ɗan rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya hau gado a watan Janairun shekarar ya sauka a Disamba. Da na girma na san wannan tarihi, sai na nemi irin kwabon a shafin eBay don in ga matsayinsa a idon duniya. Na tarar da shi birjik, daga Ingila da Amurka da Ostareliya, mafi yawa a kan 'yan daloli kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan rubutun da ke ƙarƙashin wasu daga cikin kayan, mai nuna yawan mutanen da suka sa musu ido. Ba su taya ba, kuma ba su tafi ba, suna nan suna kallo.

Wanda bai san harkar ba zai ce zaman kashe wando ne. Bayan na daɗe ina bin sawun waɗannan mutane, na gamsu cewa kallon nan shi ne rabin sana'arsu, watakila ma ya fi rabi.

Dalili na farko yana ga farashi. Kuɗin da ke ci a kasuwa darajarsa a rubuce take a jikinsa, babu gardama. Ranar da ya daina ci ya koma kayan tarihi, daga nan babu hukumar da ke yanke masa kuɗi. Akwai littattafan farashi, irin jan littafin nan da Amurkawa suke bugawa duk shekara tun shekarun 1940, da babban kundin kamfanin Krause na sulallan duniya da ya fara fitowa a 1972. Sai dai kafin littafi ya fito daga maɗaba'a kasuwa ta riga ta motsa. Farashin gaskiya yana bayyana ne a inda mutum biyu masu son abu ɗaya suka ja da juna har ɗaya ya haƙura. Dillalin shanu ya san wannan sarai. Ranar kasuwar Maigatari ko ta Potiskum za ka gan shi a kara ko da ba shi da saniyar saye ko ta sayarwa, yana zagaye yana sauraron nawa aka taya, nawa aka ce albarka, nawa aka sallama. Idan ya yi fashin mako uku, sai ya yi ciniki a makance. Mai tara sulalla a Landan ko Dalas haka yake yi, illa dai tasa kasuwar ba ta tashi dare da rana.

A nan ne kuma sabon shiga yake faɗawa rami. A shafin gwanjo kowa yana iya kasa kayansa ya rubuta kuɗin da ransa ya ba shi. Ƙwararre ba ya kula wannan, sashen kayan da aka riga aka sayar yake buɗewa, don can ne ake ganin abin da ya fita daga aljihun mutum. Ingila ta ga misalin wannan a kan kwandalar fene 50 da aka buga a 2009 don cikar lambun Kew shekara 250. Guda 210,000 kawai aka saki, adadi ƙalilan a ƙasar da ake buga kwandaloli miliyoyi. Shekaru tana yawo a canjin kanti ba wanda ya damu da ita, sai a 2014 gidan buga kuɗin masarautar ya bayyana ƙarancinta, mutane suka hau zazzage aljihu. Farashinta ya tashi har ya haura fam 100, kuma wannan na gaske ne. Abin da ya biyo baya shi ne jaridu suka riƙa ɗauko tallan wata kwandala gama-gari da wani ya rubuta wa dubban fam, su ba da labari kamar an saya. Mutane da yawa sun ɓoye kwandalolin da ba su wuce darajar da ke jikinsu ba, suna jiran arzikin da ba zai zo ba. Wanda ya saba kallon kasuwa minti biyu ya ishe shi gane bambancin.

Sai maganar lafiyar sulen, wadda ita ce ta fi wahalar shiga kan baƙo. Sulalla biyu na shekara ɗaya, daga gidan bugu ɗaya, ɗaya zai iya ninka ɗaya sau ɗari a kuɗi don kawai bai taɓa shiga hannu ba. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fitar da ma'auni daga 1 zuwa 70, inda 1 yake nufin sulen da da ƙyar ake gane shi, 70 kuma wanda babu ko ƙwarzane a jikinsa. Daga baya aka kafa kamfanoni masu tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987. Kana aika musu sule, su duba ingancinsa, su ba shi maki, su rufe shi cikin ƙaramin gidan roba mai lamba. A wasu sulallan, tazarar maki 64 da 65 tana iya ninka farashi. To ta yaya mutum zai koyi ganin irin wannan tazara? Ba a karatu ake samunta ba. Sai ya ga hotuna dubu, ya yi hasashen maki a ransa, ya duba abin da masu tantancewa suka bayar, ya ga yadda kasuwa ta karɓa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san kima shi ne wanda ya sha gani. A da, mai son wannan ilimi sai ya yi shekaru yana zama a shagon dillali ko yana bin baje-koli. Yanzu shafin gwanjo ya zame masa makaranta kyauta, mai hotunan da za ka faɗaɗa har ka ga gashin kan sarki ɗaya bayan ɗaya.

In koma ga kwabon kakata. Kusa da hujin irin waɗannan kuɗaɗe na Afirka ta Yamma ta Ingila akan sami ɗan ƙaramin harafi da sai an ƙura ido. H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, KN na nufin masana'antar King's Norton, idan babu harafi kuma gidan bugun masarauta ne. Ga mai tarawa, kwabon shekara ɗaya mai harafi daban kaya ne daban, kuma wani ya fi wani wuyar samu. Akwai ma abin da ya fi haka. Kamfanin Heaton yana buga wa Afirka ta Gabas nata kuɗin mai huji a lokaci guda, sai a 1936 aka yi kuskuren haɗa hatimin bugu na can da na nan, aka fitar da wasu kwabbai masu fuska ɗaya ta Afirka ta Gabas, ɗaya ta Afirka ta Yamma. Wanda ya gaji gwangwanin kakansa a wani ƙauyen Ingila bai san da wannan ba. Zai zube su a tebur, ya ɗauki hoto ɗaya mai duhu, ya rubuta "tsofaffin kuɗin Afirka" ya kasa a kan fam biyar. Wannan hoto mai duhu shi ne abin da ƙwararru suke farauta. Suna neman kayan da aka rubuta sunansu ba daidai ba, da waɗanda aka jefa a rukunin da ba nasu ba, da tarin da aka sayar a dunƙule ba a tsince ba. Amurkawa har littafi guda suka rubuta a kan wannan tsince-tsince. Sau da yawa mutum zai yi wata yana dubawa bai tsinci komai ba, amma tsintuwa ɗaya takan biya wahalar shekara.

Ina da ɗan ja a kan wannan ɗabi'a. Wanda ya kasa kayansa a gwanjo ya yarda kasuwa ta yanke masa kuɗi, don haka babu zalunci idan masani ya saya da araha. Duk da haka na fi girmama waɗanda, idan suka ga marayu ko tsohuwa na shirin zubar da abu mai tsada a banza, suke aika saƙo su ce a dakata a bincika. Akwai su a cikin masu wannan harka, kuma su ne suke sa ta zama abin mutunci.

Akwai kuma jira irin na mai neman abu ɗaya tilo. Mai tarawa yakan ɗaukar wa kansa jeri, misali kowane anini da aka buga tun daga 1907, lokacin da aka fara yin sa da sanholo, har zuwa na ƙarshe. Kashi tara cikin goma zai same su cikin sauƙi. Ragowar su ne suke cinye shekarunsa, domin suna hannun wasu masu tarawa irinsa, kuma ba sa fitowa sai mai su ya mutu, ko ya talauce, ko ya gaji. Louis Eliasberg, wani attajirin Baltimore, shi ne aka sani da kammala tara kowane sulen Amurka na kowace shekara da kowane gidan bugu da aka sani a zamaninsa, kuma sai a 1950 ya sami na ƙarshe, wata ƙaramar azurfa ta 1873 da guda ɗaya tak aka sani a duniya. A Denmark, attajirin man shanu Lars Emil Bruun, da ya rasu a 1923, ya bar wasiyyar kada a sayar da tarinsa na kusan guda 20,000 sai bayan shekara 100. Sai a watan Satumbar 2024 aka fara gwanjonsa a Kwafanhagen. Masu neman wasu sulallan da ke cikin wannan tari sun gaji jiran ne daga kakanninsu. Wanda ya san abin da yake nema zai iya bayyana sau ɗaya a rayuwarsa, ya kuma ɓace cikin kwana bakwai, ba zai iya kawar da kai ba. Shi ya sa suke ajiye kalmomin bincike a shafin, domin wayarsu ta yi ƙara da zarar wani a ko'ina ya kasa abin.

Intanet ta sauya lissafin ƙaranci gaba ɗaya. Kafin Pierre Omidyar ya buɗe shafin da ya zama eBay a 1995, abin da babu shi a shagunan garinku, a wurinka abu ne mai wuya. Da aka tara kayan duniya a wuri ɗaya, sai aka gane abubuwa da yawa da ake ɗauka ba su da yawa ashe suna jibge a akwatunan mutane, kamar kwabon Edward na Takwas, wanda aka buga miliyoyinsa. Farashin irin waɗannan ya kwanta. Abin da yake da wuya na haƙiƙa kuwa sai ya sami masu nema daga nahiya biyar maimakon gari ɗaya. Manyan gidajen gwanjo irin Heritage da Stack's Bowers a Amurka da Spink a Landan duk sun buɗe ƙofar tayi ta intanet. Wani dinarin zinariya na Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai ɗauke da ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, mai nauyin kimanin giram huɗu da kwata kacal, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2011. Zinariyar dala 20 ta Amurka ta 1933, wadda ake dangantawa da taskar Sarki Faruk na Masar, ta tashi daga dala miliyan 7.59 a 2002 zuwa miliyan 18.9 a 2021. Kusan duk masu kallon irin wannan gwanjo ba su da ko kashi ɗaya cikin dubu na kuɗin. Suna kallo ne don su ga abin da ba za su taɓa riƙewa ba, kuma don idan saman kasuwa ya motsa, ƙasanta ma yakan bi.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne shirun masu kallo. Kaya zai kwana shida da mutum talatin a kansa, tayi bai wuce biyu ba. Sirrin yana cikin tsarin gwanjon. A eBay kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya a ɓoye, na'ura ta riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya zarce ka, har ta kai iyakarka. Kuma lokacin rufewa a yanke yake, ko da sakan ɗaya ba a ƙarawa. Na taɓa zama ina bin ƙarshen gwanjon wani sulen azurfa na Afirka ta Yamma na 1913. Saura minti ɗaya, farashin yana nan inda ya kwana. Agogon ya koma ja yana ƙirga sakan. Saura goma, shiru. Saura shida sai lambar ta yi tsalle, ta sake yi, ta sake yi, kafin in gama karanta ta farko an rufe a kan ninki huɗu na abin da ya kwana a kai. Mutanen da suka yi mako ba su ce uffan ba, ashe duk suna zaune da yatsa a kan maɓalli, wasu kuma sun ba wata manhaja aikin jefa tayin a madadinsu.

Masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2012, da Axel Ockenfels, sun yi nazarin wannan ɗabi'a a wani bincike da suka wallafa a 2002. Sun kwatanta eBay da gwanjon da Amazon yake yi a lokacin, inda ake ƙara minti goma idan tayi ya shigo a ƙurarren lokaci. Sun tarar jinkirin tayi ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, kuma ya fi tsanani a kayan tarihi a kan kayan kwamfuta. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwa. Tayin masani shaida ce. Idan aka ga wanda aka san idonsa ya taya abu, kowa zai gane akwai wani abu a ciki, a bi shi a tsadance masa. Don haka yake ɓoye sha'awarsa har lokacin da ba wanda zai iya mayar da martani. Da yawa daga cikin masu kallon nan masu saye ne da suka kame bakinsu.

Akwai wani aikin da kallon yake yi wanda ba a cika yaba masa ba, shi ne gadi. Sayen sule ta hoto cinikin biri a sama ne, kuma 'yan jabu sun ƙware. Suna lulluɓe ƙarfen tungsten da zinariya saboda nauyinsu kusan ɗaya ne. Suna kwaikwayon gidan robar kamfanonin tantancewa har da lambarsa. Amurka ta yi doka tun 1973 cewa duk sulen kwaikwayo sai an buga masa alama, eBay kuma ya hana sayar da irinsu a shafinsa na Amurka a 2012, amma ba su daina shigowa ba. Waɗanda suke kama su galibi masu kallon nan ne. Mai jabu yakan kwafi sule ɗaya na gaske ya zubo ɗaruruwa daga gare shi, don haka duk wani tabo da ke jikin na asalin zai fito a jikin kowanne. Mutumin da ya ga ƙwarzane iri ɗaya, a wuri ɗaya, a kan sulalla uku daga masu sayarwa uku, ya san abin da ake ciki, sai ya kai ƙara ya kuma gargaɗi 'yan'uwansa. Haka suke gano kayan sata idan ɓarawo ya kasa su. Haka kuma suke gane mai kayan da ke sa abokinsa ko wani asusunsa na ɓoye yana ƙara tayi don a tunzura masu saye. Wannan shi ne najash da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma dokokin shafukan ma sun haramta shi. Ana gane shi ne ta bin tarihin tayi a kan kayan mutum ɗaya na tsawon lokaci.

Wani lokacin ma ba jabu ba ne, rashin sani ne. Liyarin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa har mata suka mayar da shi abin ado, shekarar 1780 ce a jikinsa, shekarar da ta rasu. Amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau Ostiriya tana bugawa. Mafi yawansu kuɗinsu bai wuce na azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba, wato giram 28 da kashi 833 cikin 1,000 nasa azurfa ne. Kullum sai ka ga wani ya kasa shi da tsada yana rantsuwa ya haura shekara 240, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Ko manyan gidaje ba su tsira ba. Zinariyar da Brutus ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa don tunawa da kisan Julius Kaisar an sayar da ita sama da fam miliyan 3 a Landan a 2020. A 2023 hukumomin New York suka mayar da ita Girka bayan an gano takardun asalinta na ƙarya ne. Tun daga nan masu saye suka ƙara nacewa a kan sanin hannun da sule ya bi, kuma tsofaffin hotunan gwanjo da masu kallo suka adana su ne suke zama hujja.

Ba zan ɓoye illar abin ba. Shafukan an gina su ne don su riƙe mutum. Agogo mai ja, saƙon da ke cewa an zarce ka, sanarwar cewa saura awa ɗaya, duk suna ingiza zuciya. Mutum yakan shiga da niyyar kallo ya fito da bashi, don kawai ya ƙi yarda wani da bai taɓa gani ba ya kayar da shi. Wasu sukan manta cewa a manyan gidajen gwanjo akwai la'adar da mai saye yake biya a kan farashin da aka buga guduma, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, ga kuɗin aikawa da na kwastan. Tsofaffin hannu suna da ƙa'ida ɗaya da nake ganin ta isa: ka rubuta iyakarka a takarda tun ranka yana kwance, idan aka wuce ta ka bar musu.

Abin da ya fi damuna na gida ne. Anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka, sunayen da har yau suke cikin karin maganarmu, waɗanda aka ci kasuwa da su kafin naira ta zo a 1973, yawancin masu nazarinsu da masu adana su a tsare suna ƙasashen waje. Namu kuwa suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan da maƙeran azurfa, ana auna su a sikeli ana narkarwa. Idan akwai irin wannan gwangwani a gidanku, mai karatu, kada ka goge su da toka ko lemon tsami, domin gugar tana kashe darajarsu a wurin masana kuma ba ta gyaruwa. Ka duba shekara da ɗan harafin da ke kusa da hujin, ka nemi abin da aka sayar da irinsu a zahiri, sannan ka ware ko da ɗaya daga kowane iri ka ajiye wa 'ya'yanka tare da sunansa na Hausa a rubuce.